Rana Irin Ta Yau: Dele Giwa, editan da aka kashe da bam a cikin wasiƙa

Masu bibiyar kalandar tarihi sun san cewa ranar 19 ga Oktoba ba ta rasa abin tunawa. A irin wannan rana ce aka haifi Janar Yakubu Gowon a shekarar 1934. A daren 19 ga Oktoban 1986 kuma jirgin da ke ɗauke da shugaban Mozambik, Samora Machel, ya faɗi a Mbuzini da ke Afirka ta Kudu, yana kan hanyar komawa gida daga wani taro a Zambiya. Sa'o'i kaɗan kafin faɗuwar jirgin, da hantsin wannan Lahadin, wani ƙunshin saƙo ya tarwatse a hannun wani ɗan jarida a gidansa da ke Ikeja a Legas. Sunansa Dele Giwa, babban editan mujallar Newswatch.

A 2025 ma ranar ta faɗo a Lahadi. A lokacin an cika shekara 39 da kisan, daidai da yawan shekarun da mamacin ya yi a duniya, kuma har yanzu babu ko mutum ɗaya da kotu ta kama da laifin.

Daga Ile-Ife zuwa New York

An haifi Sumonu Oladele Giwa a ranar 16 ga Maris, 1947, a Ile-Ife. Asalin iyayensa mutanen Ugbekpe-Ekperi ne, wani ƙauye a ƙasar Etsako da ke jihar Edo ta yanzu. Mahaifinsa wanki da guga yake yi, kuma ya yi aiki a fadar Ooni na Ife, Oba Adesoji Aderemi, kafin ya koma makarantar sakandare ta Oduduwa da wannan sana'a tasa. A makarantar da uban ke wanke kayan mutane ne ɗan ya yi karatunsa na sakandare.

Bayan ya taɓa ƙananan ayyuka a gida, sai ya tafi Amurka a farkon shekarun 1970, inda ya haɗa karatu da aikin neman abin biyan kuɗin makaranta. Ya sami digirin farko a fannin Ingilishi daga Kwalejin Brooklyn a 1977, sannan ya yi digiri na biyu a Jami'ar Fordham. A daidai wannan lokaci ya yi kimanin shekara huɗu yana aiki a ɗakin labarai na jaridar New York Times a matsayin mataimaki. Muƙamin ƙarami ne, amma a nan ya ga yadda ake tace labari, da yadda edita ke mayar wa wakili rubutunsa idan hujja ta yi rauni. Zamanin kuwa zamani ne da abin kunyar Watergate ya sa Shugaba Richard Nixon ya sauka daga mulki a 1974, bayan tonon sililin da 'yan jarida suka taimaka aka yi.

A 1979, shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari, Giwa ya dawo Najeriya ya kama aiki da Daily Times a ƙarƙashin shugabancin Patrick Dele Cole. Bai daɗe ba sai attajirin nan Moshood Abiola ya kafa kamfanin jaridu na Concord a 1980, ya ɗauke shi ya zama editan farko na Sunday Concord. A nan sunansa ya fito. Shafinsa na sharhi ya yi farin jini saboda gajerun jimloli masu kaifi, da kuma yadda yake kiran manya da sunayensu. A mulkin Shagari, lokacin da Sunday Adewusi ke Sufeto Janar, 'yan sanda sun tsare shi saboda abin da jaridarsa ta buga.

Mujallar da ma'aikata suka kafa wa kansu

A wancan lokaci manyan jaridun Najeriya kashi biyu ne: na gwamnati, kamar Daily Times da New Nigerian, da na attajirai ko 'yan siyasa. Edita komai ƙwarewarsa ɗan aiki ne, ranar da ya saɓa wa mai gida ranar zai bar kujera. Giwa ya ɗanɗana hakan a Concord, inda tsakaninsa da Abiola ya yi tsami har aka ɗauke shi daga kujerar edita.

A 1984 shi da abokan aikinsa uku suka yanke shawarar kafa tasu. Ray Ekpu da Yakubu Mohammed daga Concord suka fito tare da shi, Dan Agbese kuma ya baro kujerar editan New Nigerian a Kaduna. Ba su zaɓi lokaci mai sauƙi ba. A shekarar ce gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta kafa Doka ta 4, wadda a ƙarƙashinta aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda. Duk da haka, a ƙarshen Janairun 1985 fitowar farko ta Newswatch ta shiga kasuwa, Giwa na babban edita.

Mujallar ta zo da salon da masu karatu a Najeriya ba su saba da shi ba: babban labari guda a bango, wanda wakilai da dama suka tattaro daga wurare daban-daban, aka rubuta shi da tsari, sannan ga sharhin editocin kowa da sunansa da hotonsa. Abin da ya fi salon muhimmanci shi ne mallaka. Waɗanda ke rubuta labarin su ne ke da ta-cewa a kan abin da za a buga.

Ba daidai ba ne a ɗauka cewa Newswatch ta tashi ne da adawa da gwamnatin da aka kashe editanta a zamaninta. Da Janar Ibrahim Babangida ya karɓi mulki a ranar 27 ga Agusta, 1985, ya soke Doka ta 4, ya saki waɗanda ake tsare da su, kuma 'yan jarida da yawa sun yi marhabin da shi. Newswatch na cikinsu, ta sha sa hotonsa a bangonta, Giwa kansa kuma yana da kusanci da wasu manyan jami'an gwamnatin. Sannu a hankali ne zumuncin ya fara sanyi, musamman bayan da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki na SAP a 1986, rayuwa ta fara tsada, suka ta ƙaru.

Makon ƙarshe

A ranar Alhamis 16 ga Oktoban 1986 aka sanar cewa Wole Soyinka ya lashe kyautar Nobel ta adabi, ɗan Afirka na farko da ya samu. Ƙasar na cikin wannan murna ne Hukumar Tsaro ta Farin Kaya, SSS, ta gayyaci Giwa. A ranar Juma'a 17 ga wata ya zauna gaban mataimakin daraktan hukumar, Laftanar Kanar A. K. Togun, Ray Ekpu ya raka shi. Zarge-zargen da aka karanto masa sun haɗa da shirin buga labari a kan yadda aka cire Ebitu Ukiwe daga muƙamin mutum na biyu a gwamnati, da niyyar ɗaukar Alozie Ogugbuaja, kakakin 'yan sandan da aka dakatar, aiki, da haɗa baki da ƙungiyoyin ƙwadago da malaman jami'a da ɗalibai don tayar da juyin gurguzu. Mafi muni shi ne zargin shigo da makamai.

Zargin makaman ya tayar masa da hankali ƙwarai. Ya sanar da lauyansa, Gani Fawehinmi, ya kuma kai kuka ga Ministan Yaɗa Labarai, Tony Momoh, wanda shi ma tsohon editan Daily Times ne. A ranar Asabar, Daraktan Leƙen Asirin Soja, Kanar Halilu Akilu, ya buga waya gidan Giwa, bai same shi ba, ya tambayi matarsa kwatancen gidan. Bayanin da aka bayar daga baya shi ne yana son ya biya ne a kan hanyarsa ta zuwa filin jirgi. Da safiyar Lahadi mutanen biyu sun yi magana ta waya, Akilu ya nuna masa cewa maganar ta wuce.

Ba a jima ba aka kawo wani ƙunshi a ƙofar gidan. Ɗansa ya karɓa ya kai masa ɗakin karatu, inda yake karin kumallo tare da Kayode Soyinka, wakilin mujallar a Landan. Bisa shaidar Soyinka, ƙunshin na ɗauke da tambarin gwamnatin Najeriya, har Giwa ya zaci daga ofishin shugaban ƙasa ya fito. Ya ɗora shi a cinya zai buɗe, sai ya fashe. Soyinka ya tsira da rauni a kunnuwa. An garzaya da Giwa asibiti a Ikeja, a can ya cika. A watan Nuwamba aka binne shi a ƙauyen iyayensa. Ba a taɓa kashe wani da irin wannan bam a Najeriya ba kafin ranar.

Fayil ɗin da bai kai gaban alƙali ba

Abokan aikinsa sun nemi a kafa kwamitin bincike mai zaman kansa a ƙarƙashin alƙali. Gwamnati ta bar aikin a hannun 'yan sanda. A nan matsalar ta fara, domin wasu daga cikin waɗanda ya kamata a yi wa tambayoyi manyan jami'an tsaro ne na gwamnatin da 'yan sandan ke yi wa aiki. Abubakar Tsav, wanda ya fara binciken kuma daga baya ya zama Kwamishinan 'Yan Sandan Legas, ya ba da shaida bayan shekaru cewa ya nemi izinin yi wa jami'an tambayoyi, bai samu ba. Wani babban jami'in da ya kula da binciken, Chris Omeben, shi kuma ya karkata zarginsa ga Kayode Soyinka, zargin da Soyinka da editocin Newswatch suka yi watsi da shi.

Da Fawehinmi ya ga hukuma ba ta da niyyar gurfanar da kowa, sai ya nemi ya shigar da ƙarar kisan kai da kansa a kan Akilu da Togun. Ƙananan kotuna suka ce ba shi da hurumi, tunda shi ba dangin mamacin ba ne. A Disamban 1987 Kotun Ƙoli ta ce yana da shi, hukuncin da har yau ɗaliban shari'a ke karantawa. Sai dai a 1988 wata babbar kotu a Legas ta soke tuhumar bisa dalilin rashin isasshiyar hujja. Kafin nan, a Afrilun 1987, gwamnati ta rufe Newswatch na wata shida saboda ta buga rahoton kwamitin tsara makomar siyasa kafin a fitar da shi a hukumance.

Dama ta biyu ta zo a 1999, lokacin da Shugaba Olusegun Obasanjo ya kafa kwamitin binciken take haƙƙin ɗan Adam a ƙarƙashin Mai Shari'a Chukwudifu Oputa. Kwamitin ya gayyaci Babangida da Akilu da Togun, ba su bayyana ba, suka garzaya kotu. Rahoton da aka miƙa a 2002 ya ba da shawarar a sake buɗe binciken. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke cewa kwamitin ba shi da ikon tilasta musu bayyana, gwamnati kuma ba ta taɓa fitar da rahoton a hukumance ba, sai ƙungiyoyin farar hula ne suka watsa shi a 2005.

Dukkan jami'an da aka ambata sun musanta hannu a kisan, Babangida ma ya sake musantawa a littafin tarihin rayuwarsa da ya ƙaddamar a Fabrairun 2025. Akwai kuma labarin da ya fi yawo a bakin jama'a, wai Giwa na bin diddigin wata mata da aka kama da miyagun ƙwayoyi a filin jirgin Kano a 1985. Abokan da suka kafa mujallar tare da shi sun ce babu irin wannan labari a teburinsu. Inda bincike ya tsaya, jita-jita ce ke cike gurbin, kuma ba ta wanke wanda ake zargi, ba ta kuma share hawayen iyalan mamaci.

Abin da ya bari

Hanyar da Newswatch ta buɗe ba ta toshe ba. A 1990 wasu tsofaffin ma'aikatan New Nigerian, ciki har da Mohammed Haruna, suka kafa mujallar Citizen a Kaduna. A 1991 wasu editocin Newswatch suka ɓalle suka kafa Tell, a 1993 kuma aka kafa TheNews, mujallu biyun da suka koma bugawa a ɓoye a zamanin Janar Sani Abacha. Dele Olojede, matashin wakilin Newswatch da ya rubuta tarihin Giwa tare da Onukaba Adinoyi-Ojo, ya lashe kyautar Pulitzer a Amurka a 2005.

Ɗaya gadon kuwa mai ɗaci ne. Bagauda Kaltho, wakilin TheNews a Kaduna, ya ɓace a 1996, gwamnatin soja ta ce shi ne ya mutu a fashewar bam ɗin Otal ɗin Durbar, abokan aikinsa suka ƙaryata. An harbe Godwin Agbroko na ThisDay a Legas a 2006, da Bayo Ohu na Guardian a gidansa a 2009, da Enenche Akogwu na Channels a Kano a ranar 20 ga Janairun 2012. Wanda duk ya yi niyyar rufe bakin ɗan jarida a ƙasar nan ya ga abin da ya biyo bayan kisan editan da ya fi kowa suna a zamaninsa, ya kuma ga cewa babu wanda ya kwana a kurkuku saboda shi.

A Fabrairun 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, a ƙarar da ƙungiyar Media Rights Agenda ta shigar, ta umarci gwamnatin tarayya ta binciki kashe-kashen 'yan jarida, har da na Giwa, ta hukunta masu laifi. Laifin kisan kai ba ya tsufa a dokar Najeriya, amma shaidu suna tsufa. Fawehinmi ya rasu a 2009, Oputa a 2014, Tsav a 2020. Wasu daga cikin waɗanda suka san abin da ya faru a makon nan na Oktoban 1986 suna nan da ransu, kuma ofishin Antoni Janar na Tarayya ne ke da umarnin kotu a gabansa.