Josué de Castro: Likitan da ya zana taswirar yunwa a Brazil

A yau hukumomin lafiya na amfani da taswira wajen gano garuruwan da tamowa ta fi kama ƙananan yara, domin a san inda za a fara kai ɗauki. Cikin waɗanda suka share wannan hanya akwai wani likita ɗan ƙasar Brazil, Josué de Castro, wanda ya rasu fiye da shekara 50 da suka wuce.

An haife shi a 1908 a birnin Recife da ke arewa maso gabashin ƙasar. Ya tashi kusa da unguwannin fadama na bakin kogin Capibaribe, inda talakawa ke zaune cikin bukkoki suna kamun ƙaguwa a taɓo don su samu na sawa a baka.

Bayan ya kammala karatun likitanci a Rio de Janeiro a 1929, ya koma gida ya kama aiki a wata masana'anta. A nan ya lura cewa yawancin ma'aikatan da ke zuwa wurinsa ba wata cuta ke damunsu ba illa yunwa.

A 1932 ya binciki rayuwar iyalai 500 na ma'aikata a Recife. Ya gano cewa mafi yawan albashinsu a abinci yake ƙarewa, amma abincin bai wuce garin rogo da wake da busasshen nama da sukari da kofi ba. Madara da 'ya'yan itace kuwa sai dai a gani a kasuwa.

A 1946 ya wallafa littafinsa mafi shahara, Geografia da Fome, inda ya raba Brazil gida biyar bisa abin da mutanen kowane yanki ke ci da sinadaran da suka rasa. Uku daga ciki ya kira su yankunan yunwa: dajin Amazon, da gaɓar teku ta arewa maso gabas, da busasshen yankin cikin ƙasa da ake kira Sertão.

Taswirar ta tona wani asiri. A Sertão, yunwa kan zo ne idan an yi fari. Amma a gaɓar teku mai ruwan sama da ƙasa mai albarka, yunwa ba ta rani ba ta damina, domin manyan masu gonaki sun cika ko'ina da rake, ba su bar wa talaka wurin shuka abinci ba. Yara ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu: wasu sun tsumbure, wasu na cin ƙasa saboda ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki, da yawa kuma ba sa kai shekara guda a duniya.

Da wannan hujja ya ƙalubalanci masu ɗora laifin yunwa a kan yanayi ko yawan haihuwa. A ganinsa, yadda aka raba ƙasa da dukiya ne tushen matsalar.

Sunansa ya kai duniya. Ya shugabanci majalisar gudanarwa ta Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. An zaɓe shi ɗan majalisar tarayya har sau biyu, kuma yana cikin waɗanda suka yi fafutukar ciyar da yara a makarantu da sake rabon filayen noma.

Sai dai gaskiyar da ya faɗa ta jawo masa abokan gaba. Lokacin da sojoji suka yi juyin mulki a 1964, yana jakadan Brazil a ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Geneva. Suka tsige shi, suka kuma haramta masa siyasa. Ya yi zaman gudun hijira a Faransa yana koyarwa, har ya rasu a Paris a watan Satumban 1973 yana da shekara 65, ba tare da ya koma ya zauna a ƙasarsa ba. Gawarsa ce aka mayar Rio de Janeiro aka binne.