Tribhuvandas Patel: Jagoran da ya ƙwato wa ƙananan makiyayan Indiya kasuwar madararsu

Duk lokacin da aka zauna a Abuja domin tattauna yadda za a rage shigo da garin madara daga ƙetare, akan kawo misalin Indiya. Sai dai ba kasafai ake ambaton mutumin da ya aza harsashin wannan nasara ba, wato Tribhuvandas Patel.

An haife shi a ranar 22 ga Oktoba, 1903. Tun yana matashi ya bi sahun Mahatma Gandhi a gwagwarmayar neman 'yancin kai, har Turawan mulkin mallaka suka ɗaure shi fiye da sau ɗaya.

A wancan zamani, yawancin mazauna ƙauyukan gundumar Kaira da ke Gujarat ba su mallaki abin da ya wuce ɓauna ɗaya ko biyu ba, irin ɓaunar gida da ake tatsa. Madara kuwa ba ta jiran ciniki. Idan ta wuni a cikin zafi sai ta lalace. Dillalan kamfanin Polson, wanda gwamnati ta ba ikon tara madarar da ake kaiwa birnin Bombay, su ne ke yanke farashi, makiyayi kuma ba shi da zaɓi.

Bisa shawarar Sardar Vallabhbhai Patel, makiyayan suka daina sayar da madara na tsawon kwana 15 a shekarar 1946, har hukuma ta sauko. A ranar 14 ga Disamba na wannan shekara aka yi wa ƙungiyar gama-kansu rajista a garin Anand, Tribhuvandas ne shugaba.

Aiki mafi wuya shi ne na shawo kan jama'a. Ya riƙa bin ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ya kuma dage cewa kowa na iya zama mamba, ba tare da duba addini ko asali ba, kuma ƙuri'ar mai ɓauna ɗaya daidai take da ta mai goma. A ƙasar da tsarin aji ya raba mutane tun daga haihuwa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Safe da yamma ake kawo madara, a auna yawanta da maiƙonta, a biya mai ita gwargwadon haka.

Da yake ya san ba shi da ilimin injuna, sai ya riƙe wani matashin injiniya, Verghese Kurien, wanda ya zo Anand a 1949, ya sakar masa ragamar gudanarwa, shi kuma ya tsare masa ɓangaren siyasa. Tare da H. M. Dalaya, suka yi nasarar sarrafa madarar ɓauna ta zama gari, abin da masana da dama suka ɗauka ba zai yiwu ba. Firaminista Jawaharlal Nehru ya buɗe masana'antar a 1955, kayayyakinta kuma suka shahara da sunan Amul. Wannan tsari ne gwamnatin Indiya ta yaɗa a faɗin ƙasar daga 1970.

Tribhuvandas ya karɓi lambar yabo ta Ramon Magsaysay a 1963. Da ya ajiye shugabanci, makiyaya suka tara masa kyautar kuɗi. Bai riƙe wa kansa ba, ya kafa gidauniyar kula da lafiyar mata da ƙananan yara a karkara da su.

Ya rasu a ranar 3 ga Yuni, 1994, yana da shekara 90, 'yan shekaru kaɗan kafin Indiya ta zarce Amurka ta zama kan gaba a duniya wajen samar da madara.