Nana Asma'u: Marainiyar Da Ta Zama Uwar Mata

Kin sha jin sunan Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, amma kin taɓa tambayar kanki a hannun wa ta tashi?

An haife ta a Degel a shekarar 1793, su tagwaye ne ita da Hassan. Mahaifiyarsu Maimuna ta rasu tun suna 'yan ƙanana. Sauran matan Shehu, A'isha da Hauwa mahaifiyar Muhammadu Bello, su suka karɓi renonsu. Ki lura fa, kishiyoyin uwarta ne, amma suka riƙe ta tamkar 'yar cikinsu. Shi kuma Shehu, duk da wa'azi da ɗalibai sun cika masa ƙofa, bai bar 'ya'yansa mata a duhu ba. A gidansa Asma'u ta yi karatu har ta riƙa rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa.

Tana da shekara 11 aka yi hijira zuwa Gudu a 1804. Ta ga yaƙi da yunwa da mutuwar na kusa. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. A 1817 mahaifinta ya rasu, a 1837 kuma ta yi rashin yayanta Sarkin Musulmi Bello. Wannan duk bai sa zuciyarta ta bushe ba. Takan rubuta marsiyya ta fito da baƙin cikinta fili, sannan ta maida al'amari ga Allah. Yaron da aka saba lallashinsa idan ya yi kuka, shi ne yake girma ya san yadda ake ɗaukar rashi.

Ƙaunar da ta samu ita ta raba wa wasu. Ta kafa 'Yan Taru, tana naɗa jaji da malfa, su je ƙauyuka su koyar da mata addini da tausayin maraya da mara lafiya. Ta rasu a 1864, kabarinta na Hubbaren Shehu a Sakkwato. Allah Ya jiƙanta.

To 'yar uwa, mu dawo gida. A Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa, yara nawa ne uba ya tafi cin rani, uwa ta ɗora musu farantin talla, sai dare ake haɗuwa? Marayu nawa ne ke hannun matar uba suna tsoron neman ƙarin tuwo? Masana tarbiyya na zamani ma sun tabbatar cewa shaƙuwar yaro da mai renonsa a shekarun farko tana tasiri a natsuwarsa har girma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Yau in an idar da Magariba, ki zauna da yaranki, naki da na amana, ki saurare su. Ki kuma tunasar da maigida cewa ajiye kuɗin cefane kaɗai bai sauke masa nauyi ba. Allah Ya shirya mana zuri'a, amin.