Stu Ungar: Gwanin Karta Da Ya Mutu Hannu Rabbana

A wannan makon mun ɗauko tarihin wani mutum daga nesa, saboda gardamar da muke yawan ji a nan Amarawa, wai karta basira ce ba caca ba.

An haifi Stu Ungar a birnin New York na Amurka a 1953. Mahaifinsa dillalin caca ne mai mashaya, a cikin wannan harka yaron ya buɗe ido. Ƙwaƙwalwa kam Allah ya ba shi, duk katin da aka jefa yana riƙe da shi a ka. Bai gama sakandare ba ya bar aji ya kama karta.

A wasan poker, wanda ke buƙatar lissafi da karantar fuskar abokin karawa, ya lashe gasar duniya a Las Vegas a 1980 da 1981 da 1997. A nan masu cewa basira ce suna da hujja, ba mu musa ba. To amma abin da ya ci a teburi sai ya kwashe ya zuba a cacar sukuwar dawaki da ta ƙwallo, inda wayonsa ba ya aiki, irin wadda wasu yayyenmu ke bugawa yanzu a waya. Ga kuma hodar iblis da ta lalata masa hanci.

Kyautar 1997 dala miliyan 1 ce, ya raba da wanda ya biya masa kuɗin shiga. Cikin 'yan watanni rabonsa ya ƙare. A watan Nuwamba 1998 aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin otal, yana da shekara 45. Sai da abokansa suka yi karo-karo kafin a binne shi.