Alhaji Alhassan Ɗantata da Yaran Gidansa

Duk shekara idan ranar kafa ƙungiyarmu ta zagayo, mukan ware shafi guda don tunawa da ɗaya daga cikin magabatan da suka share mana hanyar fatauci. Bana mun zaɓi Alhaji Alhassan Ɗantata. Labarin dukiyarsa ba baƙo ba ne ga kowa, har yara sun san zancen raƙuma ashirin da suka kai masa kuɗin azurfa banki a Kano a 1929. Amma mu da muke zaune a ofishin ƙungiya, wani ɓangaren rayuwarsa ne ya fi jan hankalinmu, domin ƙarar da ta fi yawan zuwa teburinmu ita ce ta tsakanin maigida da yaronsa. Ta fi ta kwastan, ta fi ta 'yan canji.

An haife shi a Bebeji ta ƙasar Kano a 1877, cikin zuriyar Agalawa, waɗanda suka yi suna a fataucin goron Gwanja. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne, ya rasu Alhassan yana ƙaramin yaro. Mahaifiyarsa, wadda ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta ƙasar Gana ta yanzu, ta bar 'ya'yanta a hannun wata tsohuwar baiwar gidan mai suna Tata. Ita ta rene shi, kuma ana ba da labarin cewa tun a lokacin ya saba da tara ɗan abin da ya samu a asusu. Iyayenmu alhazai da hajiyoyi, a lura da wannan: sunan da ya zama na gidan attajirin da aka ce ya fi kowa kuɗi a Afirka ta Yamma a zamaninsa, sunan mai hidimar gida ne, kuma har yau zuriyarsa da shi suke amsawa.

Yaƙin basasar Kano, wanda aka fara a 1893, ya rutsa da shi yana saurayi. An ruwaito cewa an kama shi, sai da aka yi fansa ya kuɓuta. Bayan ƙura ta lafa ya koma kan sana'ar iyayensa.

A lokacin hanyar goro tana sauyawa. Kasuwar Salaga, inda ayarin Hausawa ke sauka bayan tafiyar watanni da jakuna, ta riga ta mutu, ciniki ya koma Kumasi da bakin teku. Alhassan yana cikin 'yan Arewa na farko da suka gane cewa a ɗora huhunan goro a jirgin ruwa daga Ankara ko Sakandi zuwa Legas ya fi sauri, ya kuma rage asara. To amma mutum ɗaya ba zai kasance a Kumasi da Legas da Badun da Kano a rana guda ba, ga shi ba wayar hannu. Goro kuwa duk mai harkarsa ya san halinsa. Sai an riƙa kwance huhu ana yayyafa ruwa, ana sauya ganye, ana tsince mai sankara kafin ya ɓata sauran. Yaron da zuciyarsa ba ta tare da maigida ba sai ya saci ko ƙwarya ɗaya ba, sakacin kwana biyu ya isa ya kashe uwar kuɗi. Ke nan jarin irin wannan ɗan kasuwa rabinsa kuɗi ne, rabinsa mutane.

Yadda attajiran wancan zamani ke riƙe mutanensu sananne ne, kuma a cikin wannan tsari Alhassan ya tashi ya gina harkarsa. Yaro yakan shigo gida ba tare da albashin wata ba. Ci da sha da wurin kwana suna kan maigida, haka ma ɗinkin sallah da magani idan ciwo ya zo. Idan ya nuna amana, sai a fara aikensa da ƙaramin kaya, daga nan a ɗora shi kan babba, ya fara samun nasa kason daga riba. Idan ya isa aure maigida ne ke tsayawa a matsayin uba, ya biya sadaki, ya ba shi ɗaki. Ƙarshen tafiyar shi ne a yaye shi da jari, ya zama mai cin gashin kansa, amma bai rabu da gidan ba: can yake karɓar kaya bashi, can yake kai gaisuwa. Kowane mataki jama'a suna gani, kuma ganin nan shi ne babban tukuici. Yaron da ke sharar zaure yana kallon wanda ya riga shi ya zama mai gida da iyali, ya san inda haƙurinsa zai kai shi.

Wannan tarin amintattun mutane ne ya yi masa rana da zamanin gyaɗa ya zo. Jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, kamfanonin Turawa suka shiga neman gyaɗa ido rufe, ga kuɗi a hannunsu amma ba su san ƙauyuka ba. A 1918 kamfanin Niger Company, wanda daga baya ya narke cikin UAC, ya nemi Alhassan ya riƙa saya masa. Kamfani ya ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa wakilansa su shiga kasuwannin ƙauye, kamasho ya biyo bayan yawan abin da aka auna. A yi tunanin irin yardar da ake bukata kafin a danƙa wa mutum jakar kuɗi ya nufi daji da ita. Dalar gyaɗar Kano da muke gani a tsofaffin hotuna, a kan wannan yarda ta tsaya. A farkon shekarun 1950 ya kai ga samun lasisin sayen gyaɗa da sunan kansa.

Ba za mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Asalinsa ya cuɗanya da bauta, kuma ba a rubuta komai. Komai ya rataya ne ga halin maigida. Idan aka dace da mai tsoron Allah, yaro ya zama mutum. Idan ba a dace ba, sai ya yi furfura yana ɗaukar jakar wani. A nan ne matsalarmu ta yau take. Mun riƙe rabin farko na tsarin, wato rashin albashi, mun saki rabin ƙarshe. Mun sha ganin yaron da ya shekara goma yana raka mota tsakanin Maraɗi da Kano, ko Kumasi da Kwatano, yana kwana a bakin iyaka kan buhuna, ranar da ya tambayi maganar sallama aka ce masa kasuwa ba ta da kyau. Irinsa ne ke ajiye aiki ya koma acaɓa, ko ya bi motar Agadas, maigida kuma ya zo mana yana kukan yaran yanzu ba su da amana. A ganinmu takarda ɗaya da shaidu biyu, mai faɗin shekarun hidima da abin da za a yaye yaro da shi, za ta kashe yawancin wannan rigima, kuma ofishin ƙungiya a shirye yake ya rubuta ya adana wa duk wanda ya nema.

Da ciwon ajali ya kama Alhaji Alhassan a 1955, ya tara 'ya'yansa ya yi musu wasiyya su zauna tare, kada su bar kamfanin ya watse. Cikin waɗanda ya kira wannan zama har da babban mai riƙe masa lissafi, Garba Maisikeli. Ya rasu ranar 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa da ke unguwar Sarari a birnin Kano. 'Ya'yansa, cikinsu har da Ahmadu da Sanusi da Aminu, suka ci gaba da harkar. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan Tata da ta rene shi.