Umeko Tsuda: Yarinyar Da Ta Dawo Gida Ba Ta Jin Harshen Uwarta

Yau zan ba ku tarihin wata mace ta ƙasar Japan, wadda ta yi shekara 11 tana karatu a ƙasar waje, ta dawo gida ko hira ba ta iya yi da mahaifiyarta. Sunanta Umeko Tsuda.

An haife ta ran 31 ga Disamba, 1864, a birnin Edo, wanda yanzu ake kira Tokiyo. Mahaifinta, Sen Tsuda, masanin aikin gona ne, ya kuma taɓa zuwa Amurka aikin tafinta. Japan ta daɗe ƙofarta a rufe, ba ta cuɗanya da baƙi sosai, har sabuwar gwamnatin da ta hau a 1868 ta ga lalle sai an nemo ilmin zamani. A 1871 aka tashi wata babbar tawaga zuwa Amurka da Turai, aka haɗa da 'yan mata biyar don su yi karatu. Umeko ce ƙaramarsu, shekararta shida. A tsakiyar teku ta cika bakwai.

Ku iyaye mata, ku duba 'yarku mai shekara shida, ku auna wannan rabuwa. Manyan biyu daga cikin 'yan matan ba su shekara ba suka koma gida. Umeko kuwa aka ba da riƙonta ga Charles Lanman da matarsa Adeline, a birnin Washinton. Ba su da haihuwa, suka riƙe ta tamkar 'yar cikinsu. Ta yi ƙoƙari ƙwarai a makaranta, amma a gidan babu mai yi mata Japananci. Harshe kuwa kamar hanyar gona yake, in ba a bin ta sai ciyawa ta rufe ta.

A watan Nuwamba na 1882 ta koma Japan, tana gab da cika shekara 18. Murna ta zo da abin tausayi, don in za ta yi magana da uwar da ta haife ta, sai uban ya yi musu tafinta. Ga budurwa mai ilmi, amma dole ta koma koyon abin da 'yar goyo ke ɗauka a bayan uwarta.

Kada ku ɗauka aikin ƙarami ne. Japanawa suna da rubutu iri uku. Biyu daga ciki, hiragana da katakana, kowanne yana da baƙaƙe 46 a yau. Na ukun, kanji, daga ƙasar Sin aka aro shi, ɗalibin yanzu ma sai ya san fiye da 2,000 kafin ya karanta jarida a sake. Maganar baki kuma tana da hawa hawa. Ku ɗauki cin abinci kawai: tsakanin tsara da tsara taberu ake cewa, in babba ne yake ci sai a ce meshiagaru, in kuwa ke ce kike ci a gaban babba sai ki ƙasƙantar da kai ki ce itadaku. Wadda ta sa wata a gurbin wata ta yi rashin kunya ba da saninta ba. Mu da ke ce wa babba ku, muke kuma sakaya sunan miji da na ɗan fari, mun san nauyin irin wannan.

Ban da harshe, ga zaman gida. Sai ta koyi cire takalmi a bakin ƙofa, da zama a durƙushe kan tabarma, da rusunawa wajen gaisuwa gwargwadon girman mutum, da ɗaura kimono, watau rigarsu ta gargajiya. Wasiƙun da ta riƙa aika wa Adeline sun nuna yadda ta ji kanta baƙuwa a gidan ubanta. Duk da haka ba ta raina mutanenta ba, ba ta kuma gudu ba.

Samarin da suka yi karatu a waje gwamnati ta ba su manyan ayyuka, 'yan matan kuwa ba a tanadar musu kome ba. Ƙawayenta biyu, Shigeko da Sutematsu, suka yi aure. Umeko ta zaɓi koyarwa. A 1883 Hirobumi Ito, wanda daga baya ya zama firayim ministan Japan na farko, ya ɗauke ta ta koyar da iyalinsa Turanci, a 1885 kuma ta fara aiki a makarantar 'ya'yan sarauta mata. A 1889 ta sake zuwa Amurka, Kwalejin Bryn Mawr, ta karanta ilmin halittu, har ta yi bincike kan ƙwan kwaɗi tare da Thomas Morgan, wanda ya sami lambar Nobel a 1933. Kafin ta dawo a 1892 sai da ta tara kuɗin da za a riƙa tura 'yan matan Japan karatu.

A 1900 ta ajiye aikin gwamnati da albashinsa, ta buɗe makarantarta a wani gidan haya a Tokiyo, da ɗalibai goma. Nufinta 'yan mata su iya Turanci sosai, su sami takardar malanta, su riƙe kansu. Tun ranar buɗewa ta gargaɗe su da su zama masu ladabi, kada su yi fankama da ilmi. Sutematsu kuma, daga ɗakin aurenta, ta tsaya mata tsayin daka. Kun ga ashe matar aure ma tana da abin yi wajen ilmin 'ya'ya mata.

Girgizar ƙasa ta 1923 ta jawo gobarar da ta cinye makarantar, amma aminiyarta Anna Hartshorne ta tafi Amurka ta nemo gudummawa aka sake gini. Umeko ta rasu ran 16 ga Agusta, 1929, a garin Kamakura, tana da shekara 64. Har ƙarshen ranta rubutu da Turanci ya fi mata sauƙi, don abin da ya kuɓuce a ƙuruciya ba ya dawowa duka. Makarantar ita ce Jami'ar Tsuda ta yau, a 2024 kuma aka sa hotonta a takardar kuɗinsu ta yen 5,000.

To, 'yan'uwa, mu a nan Karare da sauran ƙauyukan Batsari da Safana, 'ya'yanmu ba teku suke hayewa ba, amma akan sami yarinya ta dawo hutu daga makarantar kwana tana jin nauyin durƙusa wa kakarta, tana yi wa uwarta Hausa rabi da rabi. 'Yan makaranta, ku riƙe karatu da kyau, ku kuma tuna da harshen gida za ku isar da shi ga mutanenku. Iyaye mata, kada tsoron haka ya sa ku hana yarinya makaranta. Ku bar ta ta je, in ta dawo ku zaunar da ita, ku yi mata tatsuniya da karin magana, ku aike ta gaida dangi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai mun sadu a mako mai zuwa. Ku huta lafiya.