Jack Hobbs, Mai Buɗe Wasa

Masu karatunmu na Dutsin-Ma da Kurfi sun fi sanin langa da kokawa, amma wasan kurket ba baƙo ba ne a ƙasar Katsina, gama an yi shi a Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. A cikin wasan nan mutum biyu sukan fara shiga fili da sandar bugu, su tare ƙwallo tun yana sabo, masu jifa kuma ba su gaji ba tukuna. Idan suka fāɗi da wuri, na bayansu sukan karai. Yau za mu ba ku labarin wanda ya fi kowa suna a wannan aiki.

An haifi Jack Hobbs a Kambirij, ƙasar Ingila, a 1882. Shi ne ɗan fari cikin 'ya'ya 12, gidansu kuwa na talakawa ne. Ubansa mai gyaran filin wasa ne a wata kwaleji. Yaron yakan tashi da sassafe ya gwada hannunsa shi kaɗai, ba malami. Uban ya rasu a 1902, bai ga ɗaukakar ɗansa ba.

Ƙungiyar lardin Essex ta ƙi ɗaukarsa, sai ta Surrey ta karɓe shi. Ya soma yi mata wasa a 1905, da ya gamu da Essex kuwa ya ci maki 155. Ya zauna da Surrey har 1934, bai sāke gida ba. Ya yi wa Ingila wasa sau 61.

A 1921 ciwon ciki ya kusa kai shi kabari, sai da aka yi masa aiki. Waɗansu suka ce tasa ta ƙare. Amma a 1925 ya wuce W. G. Grace wajen yawan cin maki ɗari a shiga ɗaya, a 1929 kuma ya ci ɗari a Ostareliya yana da shekara 46. Dukan makinsa sun haura 61,000, ba wanda ya kai wannan har yau.

Abin da ya sa muka zaɓi labarinsa shi ne halinsa. A zamanin nan masu wasa domin albashi ba su da daraja kamar 'ya'yan manya, har ɗakin sa tufafinsu dabam ne. Hobbs bai yi gunaguni ba, bai kuwa yi fahariya ba sa'ad da suna ya zo. Mai zuwa sujada ne. Da wani basarake ya gayyace shi Indiya a 1930, ya ƙi yin wasa ran Lahadi, ko da yake baƙo ne, ana kuma biyansa.

A 1953 Sarauniya ta ba shi sarautar Sir, shi ne na fari cikin masu wasan kurket na albashi da ya samu. Matarsa Ada, wadda ya aura a 1906, ta daɗe tana ciwo, shi ne kuwa ya yi jiyyarta har ta rasu a 1963. Ya bi ta a watan Disamba na shekarar.

'Yan'uwa, a kowace ekklesiya akwai masu shiga gaba sa'ad da aiki yake da wuya. Bari mu tsaya da haƙuri kamarsa, domin na bayanmu su sami ƙarfin zuciya.